Labaran Yaƙi cikin Littattafan Koyon Ingilishi na Japan: Wa Aka Ci ma Fuska?

An shafe shekaru gommai a makarantun sakandare na ƙasar Japan ana samun wata rana cikin shekara wadda darasin Ingilishi ke yin nauyi fiye da na kullum. Ɗaliban aji na uku, ƴan shekara 14 zuwa 15, kwatankwacin ajin ƙarshe na kwaleji a Nijar, sukan buɗe littafinsu su tarar da labarin wata yarinya da wani ƙaramin yaro waɗanda suka kwana gindin wata itaciya a daren ranar da aka jefa bam a Hiroshima, gari kuma bai waye da ransu ba. A makarantu da dama, wanda ake miƙa ma littafin domin ya karanta da babbar murya, ɗalibai su kwaikwayi lafazinsa, wani matashi ne daga Amurka wanda hukumomin Japan suka ɗauko domin ya taimaka ma malamai. Ɗan ƙasar da ta jefa bam ɗin ke nan yake karanta ma jikokin waɗanda aka jefa ma.

Daga nan muhawara ta samo tushe. Wasu daga cikin waɗannan baƙin malamai suna ganin an ci masu fuska, an tsayar da su gaban yara tamkar masu laifi gaban alƙali. Wasu kuwa suna ganin babu cin fuska cikin faɗin abin da ya auku. Batun ya cancanci malamai da masu raya al'adu su dube shi da idon basira, domin littafin koyon harshe bai taɓa tsayawa ga harshe kaɗai ba. Waɗanda suka koyi Faransanci cikin littattafan zamanin mulkin mallaka, irin su Mamadou et Bineta na André Davesne, sun san cewa tare da baƙi da wasali yaro yake haɗiye wani hoto na duniya da na matsayinsa a cikinta. Kafin a yanke hukunci bisa littattafan Japan, wajibi ne a bi sawunsu, a ga yadda labaran yaƙi suka shiga cikinsu, waɗanne suka zauna, wanne kuma aka kora.

Daga harshen abokin gaba zuwa harshen mai nasara

Tun daga shekara ta 1903 har ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnatin Japan ce da kanta ke rubuta littattafan makarantun firamare, tana cusa ma yara biyayya ga sarki da sha'awar mutuwa a fagen fama. Da yaƙi ya ɓarke tsakaninta da Amurka da Ingila cikin watan Disamba na 1941, sai Ingilishi ya zama harshen abokin gaba: aka rage sa'o'insa, a makarantun ƴan mata kuma ya daina zama wajibi. Bayan miƙa wuya cikin watan Agusta na 1945, al'amari ya juya baki ɗaya. Kafin a samu sababbin littattafai, malamai sun umarci ɗalibai su ɗauki buroshi da tawada su shafe duk layin da ke yabon yaƙi cikin tsofaffin. Malamin da ya koyar da shafi jiya shi ne ya tsaya yau yana nuna layin da za a baƙanta. Waɗanda suka yi ƙuruciya a lokacin ba su manta da wannan rana ba, malaman ma haka.

Dokar ilimi ta 1947 ta kawo tsarin da ake bi har yanzu: kamfanonin ɗab'i masu zaman kansu ke rubuta littattafai, ma'aikatar ilimi ta tantance su, hukumomin ilimi na yankuna su zaɓi wanda makarantun gwamnati za su yi aiki da shi. Littafin Ingilishi da ya fi shahara a ƙarshen shekarun 1940, Jack and Betty, ba ya ɗauke da ko ƙanshin yaƙi. Rayuwar wasu yara biyu Amurkawa ce cikin wadata da kwanciyar hankali, ana nuna ma yaran da gidajensu suka zama toka. A daidai wannan lokaci hukumomin mamaya na Amurka sun sa takunkumi ga abin da jaridu za su rubuta bisa Hiroshima da Nagasaki. Sai bayan ƙarewar mamaya, cikin watan Agusta na 1952, mujallar Asahi Graph ta buga hotunan waɗanda bam ɗin ya ƙona, jama'a da yawa suka gani da idonsu karo na farko.

Cikin shekarun 1950 ne abin da Japanawa ke kira ilimin zaman lafiya ya kafu. Ƙungiyar malamai ta ƙasa, Nikkyoso, ta ɗauki alkawari cikin 1951 cewa malamai ba za su sake tura ɗalibansu fagen yaƙi ba. Cikin watan Maris na 1954 tokar gwajin makamin ƙare-dangi da Amurka ta yi a tsibiran Bikini ta zubo ma wani jirgin masunta na Japan, ɗaya daga cikin ma'aikatansa ya rasu, mutane fiye da miliyan 30 suka sa hannu bisa takardar neman haramta irin waɗannan makamai. Cikin 1955 aka buɗe gidan tarihin zaman lafiya na Hiroshima. Da tafiya ta yi nisa, littattafan Ingilishi suka rage kwaikwayon rayuwar Amurkawa, suka shiga koya ma yaro yadda zai ba baƙo labarin ƙasarsa. To, cikin abin da Japan ke ganin tana da shi na gaya ma duniya, babu kamar Hiroshima. Ya kamata a riƙe wannan: labaran yaƙi sun shigo aji ta hannun malamai masu nadama da ƙyamar yaƙi, waɗanda masu ra'ayin riƙau na ƙasar suka daɗe suna gaba da su.

Labarai uku

Uku daga cikin labaran sun fi sauran daɗewa da shahara, kowane cikin littafin aji na uku na kamfani dabam.

Na farko yana cikin New Horizon na kamfanin Tokyo Shoseki, an ɗauko shi daga wani ɗan labari na marubuciya Ono Mitsuko. Wata tsohuwar itaciya ta bakin hanya kusa da Hiroshima ce ke ba da labari. Ta tuna ranar 6 ga Agusta 1945, yadda mutane ƙonannu suka taho suka zube inuwarta, da yadda cikin dare ta ji wata siririyar murya tana waƙar reno. Wata yarinya ce ta rungume wani ƙaramin yaro mai kukan neman uwarsa, ta maye masa gurbin uwa, ta yi ta lallashinsa har ya cika, ita ma ba ta ga rana ta ɗaga ba.

Na biyu yana cikin New Crown na kamfanin Sanseido, labarin Sasaki Sadako ne, kuma ya auku da gaske. Tana ƴar shekara 2 aka jefa bam ɗin, ta tsira ba rauni a fili, ta girma har ta zama gwanar gudu a makarantarsu. Cikin 1955 likitoci suka gano tana da sankarar jini. A gadon asibiti ta duƙufa naɗe takardu tana yin siffar tsuntsu gauraka, bisa wani camfi na ƙasarsu mai cewa wanda ya naɗe dubu zai samu biyan buƙata. Ta rasu ranar 25 ga Oktoba 1955 tana ƴar shekara 12. Abokan karatunta suka tara kuɗi, aka kafa hasumiyar tunawa da yara a dandalin zaman lafiya na Hiroshima cikin 1958.

Na uku yana cikin Sunshine na kamfanin Kairyudo, asalinsa labarin da Tsuchiya Yukio ya wallafa cikin 1951. Giwaye uku ne na gidan namun daji na Ueno a birnin Tokiyo, John da Tonky da Wanly. Labarin ya ce bama-bamai na sauka bisa birni, aka ji tsoron kada keji ya fashe namun daji su bazu cikin jama'a, sai aka ba da umarnin kashe su. Giwayen suka ƙi cin abinci mai guba, allura kuma ta kasa huda fatarsu, sai aka hana su ci da sha. Biyu daga cikinsu, da ƙarfinsu ya ƙare, suka riƙa yin wasannin da aka koya masu, suna tsammanin za a saka masu da abinci kamar yadda aka saba. Masu kiwonsu na kallo suna kuka.

Ƙorafin baƙon malami

Shirin JET, wanda ke kawo matasa daga ƙasashen waje domin taimaka ma malaman harsuna, ya soma cikin 1987 da mutum 848 daga Amurka da Ingila da Ostireliya da New Zealand, daga baya ya kai dubbai, Amurkawa kuma su suka fi yawa. Matashin da ya taso a Amurka ya zo da nasa tarihin. An koya masa cewa Japan ce ta fara kai hari Pearl Harbor, kuma bam ɗin ne ya kawo ƙarshen yaƙi, ya ceci rayukan da mamaye tsibiran Japan zai ci. Binciken ra'ayi na Gallup cikin 1945 ya nuna kashi 85 cikin 100 na Amurkawa sun goyi bayan jefa shi. Cikin 2015 cibiyar Pew ta samu kashi 56 cikin 100 na Amurkawa suna ganin an yi daidai, alhali a Japan kashi 14 kaɗai ke ganin haka. Wanda ya zo da wannan guzuri, aka ce ya karanta mutuwar yara biyu gaban yara talatin da suka zuba masa ido, ba abin mamaki ba ne in ya ji ƙasa ta yi masa zafi.

Sai dai jin nauyi dabam, cin fuska dabam. Cin fuska shi ne a yi ma mutum ƙage, ko a wulakanta shi, ko a ɗora masa laifin da ba nasa ba. Babu ɗaya daga cikin ukun nan a labarin itaciya ko na Sadako. Kimanin mutum dubu 140 suka mutu a Hiroshima kafin ƙarshen 1945, kimanin dubu 74 a Nagasaki, kimanin dubu 100 cikin dare guda a Tokiyo ranar 10 ga Maris na wannan shekara. Cikinsu akwai yara masu ɗimbin yawa, kuma gawar yaro ba ta zagin kowa. Al'ummar da aka yi ma wannan tana da haƙƙin gaya ma ƴaƴanta, da harshenta ko da na waninta. Daɗin daɗawa, Amurka kanta ba ta tsira daga rufa-rufa ba: cikin 1995 gidan tarihin Smithsonian na Washinton ya soke baje kolin da ya shirya bisa jirgin Enola Gay, wanda ya ɗauki bam ɗin Hiroshima, saboda ƙungiyoyin tsofaffin sojoji da ƴan majalisa sun ƙi yarda a nuna abin da ya sami mutanen ƙasa, shugaban sashen kuma ya yi murabus. Laifi tudu ne, in ji Bahaushe, ka taka naka ka hango na wani.

Hasali ma, malamin harshe da ya duba ginin jimlolin labarin itaciya zai ga wani abu da ke wanke marubutansa daga zargin nuna ma Amurka yatsa. Labarin bai ambaci wanda ya jefa bam ɗin ba. Bam ne ya faɗo bisa birni, kamar yadda ƙanƙara ke faɗowa bisa gona. Wannan salo na ɓoye mai aikatawa tsoho ne a Hiroshima. Rubutun da ke bisa dutsen tunawa da mamata, wanda Saika Tadayoshi, malamin adabin Ingilishi a jami'ar birnin, ya tsara cikin 1952, yana alkawarin cewa ba za a maimaita kuskuren ba, ba tare da ya faɗi wanda ya yi kuskuren ba. Alƙali Radhabinod Pal na Indiya, da ya ziyarci wurin cikin wannan shekara, ya nuna rashin jin daɗinsa, domin a ganinsa waɗanda aka kashe bai kamata su ɗauki alhakin wanda ya kashe su ba. Daga baya hukumar birnin ta yi bayani cewa ƴan Adam baki ɗaya ake nufi.

Amma wannan ladabi yana da farashi. Jimlar da ta ɓoye wanda ya jefa bam ita ce kuma ta ɓoye wanda ya kunna wutar yaƙin. Yaron da ya karanta ta zai iya tashi da tunanin cewa yaƙi annoba ce mai saukowa daga sama, kamar fari ko girgizar ƙasa, babu wanda ya shirya ta, babu wanda ya sa hannu. A nan ne ainihin rauni yake, labarin giwaye kuma ya fi kowane bayyana shi.

Abin da tarihi ya ce game da giwayen

Lalle an kashe giwayen Ueno da yunwa, tare da wasu namun daji, jimilla dabbobi 27. Amma masu bincike, tun daga manazarcin adabin yara Hasegawa Ushio a farkon shekarun 1980 har zuwa masanin tarihi Frederick Litten cikin 2009, sun nuna cewa labarin ya karkatar da lokaci. An kashe dabbobin cikin watannin Agusta da Satumba na 1943. A lokacin babu bam da ke sauka bisa Tokiyo: in ban da hari guda na watan Afrilu 1942, jiragen Amurka ba su soma luguden wuta bisa birnin ba sai ƙarshen watan Nuwamba na 1944, fiye da shekara guda bayan mutuwar giwa ta ƙarshe. Wanda ya ba da umarnin shi ne gwamnan Tokiyo, Odachi Shigeo. An samu gidan namun daji na birnin Sendai da ya yarda ya karɓi giwa guda, amma aka hana. An yi taron addu'a ga dabbobin ranar 4 ga Satumba, alhali biyu daga cikin giwayen suna nan da rai bayan labule, suna ƙarasa mutuwa. Tonky, ta ƙarshe, ta kai har 23 ga watan.

Abin da masu binciken suka fahimta shi ne hukuma ta so ta girgiza zukatan mutanen birni, ta shirya su ga wahalar da ke tafe, ta kuma juya fushinsu ga abokin gaba. Ke nan mutuwar giwayen wani makami ce na farfagandar yaƙi, labarin da aka rubuta domin ƙyamar yaƙi kuma ya gaji wannan farfaganda bai sani ba: ya ɗauke alhaki daga teburin gwamna ya rataya ma jiragen sama. Ko da yake ba a zagi kowa cikinsa ba, an tauye ma ɗalibin Japan darasin da ya fi kowane amfani gare shi, wato cewa hukumarsa ce ta aikata, da gangan, kuma akwai hanyar kaucewa. Akwai wani abu kuma game da gwamnan nan: kafin a naɗa shi a Tokiyo, shi ne magajin garin Singafo ƙarƙashin mamayar Japan. Ta wannan ƙofa ake hango ɓangaren yaƙin da littattafan suka ba baya.

Darasin da aka cire

Cikin tarihin waɗannan littattafai an taɓa samun labarin yaƙi da masu iko suka ce cin fuska ne har aka fitar da shi, kuma ba Amurkawa suka yi ƙorafin ba. Cikin 1988 kamfanin Sanseido ya shirya wani littafin Ingilishi na babbar sakandare mai suna First English Series II, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Nakamura Kei. Cikinsa akwai darasi bisa yaƙi, inda wani mutumin Maleshiya ke ba da labarin yadda wani sojan Japan, lokacin mamaya, ya fizge jariri daga hannun uwarsa, ya cilla shi sama, ya tare shi da tsinin makami. Darasin bai tsaya ga Japan ba, manufarsa ita ce yaƙi ke mai da mutum azzalumi, kowace ce al'ummarsa. Littafin ya wuce tantancewar ma'aikatar ilimi. Amma wasu ƴan siyasa na jam'iyyar LDP mai mulki da masu ra'ayin riƙau suka tayar da ƙura, suna cewa an ɓata sunan ƙasa. Kafin littafin ya shiga hannun ɗalibai, kamfanin ya cire darasin, ya maye gurbinsa da labarin My Fair Lady, wato ƴar talakawa mai sayar da furanni a Landan wadda wani farfesa ke koya ma lafazin manyan mutane.

In aka jera abubuwan nan biyu, hoto ya fito sarai. Yaran Hiroshima da giwayen Ueno sun zauna cikin littattafai bugu bayan bugu, jaririn Maleshiya kuwa bai kai ko ranar buɗe makaranta ba. Ma'aunin da ya yi aiki bai dubi tsananin labari ko dacewarsa da shekarun yara ba, tun da an ga ƴan shekara 14 na iya ɗaukar mutuwar yaro a hannun yarinya, darasin da aka cire kuwa na waɗanda suka girme su ne. Ma'aunin ya dubi wanda ke kuka cikin labarin da wanda ya sa shi kukan.

Adalci ne a faɗi cewa wannan kokawa ta cikin gida ce, kuma Japanawa da yawa sun tsaya ga gaskiya. Masanin tarihi Ienaga Saburo ya kai gwamnati kotu cikin 1965 bisa yadda ake tantance littattafai, ya shafe shekaru 32 yana shari'a, har kotun ƙoli ta yanke cikin 1997 cewa tilasta masa share batun runduna ta 731, wadda ta yi gwaje-gwajen ƙwayoyin cuta bisa mutane a Manchuriya, ya saɓa ma doka. Cikin 1982, bayan zanga-zangar Sin da Koriya ta Kudu, an ƙara sharaɗin la'akari da ƙasashe maƙwabta cikin ƙa'idojin tantancewa. Cikin 1995 firaminista Murayama Tomiichi ya nemi gafara a fili bisa mulkin mallaka da mamaya. Littafin tarihi na masu ra'ayin riƙau da ya tayar da hankali cikin 2001 bai samu karɓuwa ko a kashi 1 cikin 100 na makarantu ba. Littattafan tarihi na sakandare suna ambaton kisan Nanjin na 1937. Sai dai ambato ne na layi biyu ko uku, da kwanan wata da sunan wuri, domin jarrabawa. Littafin karatu kuwa suna yake bayarwa, da fuska, da murya. Abin da yaro ya haddace domin jarrabawa yakan bushe kafin baɗi, abin da ya sa shi ƙwalla yakan bi shi har tsufa.

Masu haƙƙin ƙorafi

In akwai waɗanda ke da hujjar jin an yi masu rashin adalci, to maƙwabtan Japan ne. Kotun Tokiyo ta bayan yaƙi ta ƙiyasta waɗanda aka kashe a Nanjin fiye da dubu 200, ƙasar Sin kuma tana cewa dubu 300. Kimanin fararen hula dubu 100 suka hallaka a Manila cikin watan Fabrairu na 1945. A Singafo da Malaya an yi ma ƴan asalin Sin kisan gilla cikin 1942. Hiroshima kanta birnin soja ce tun ƙarni na 19: a nan babbar hedikwatar sarki ta zauna lokacin yaƙi da Sin na 1894 zuwa 1895, daga tashar jiragen ruwanta ta Ujina ake lodin sojoji zuwa ƙetare, kuma rundunar sojan ƙasa ta 11, wadda barikinta ke birnin, tana cikin waɗanda suka yi kisa a ƙauyukan jihar Negeri Sembilan ta Malaya cikin watan Maris na 1942. Wannan bai halatta ƙona yara ba ko kaɗan, amma yana cikin tarihin birnin. Cikin waɗanda bam ɗin ya kashe ma akwai dubban Koriyawa, da yawansu an kawo su aikin tilas. Hasumiyar tunawa da su, wadda aka gina cikin 1970, ta zauna wajen dandalin zaman lafiya har 1999 kafin a shigo da ita ciki.

Yaƙin nan bai bar ƙasar Hausa a gefe ba. Runduna ta 81 da ta 82 na sojojin Afirka ta Yamma, waɗanda Ingila ta kwasa daga Nijeriya da Gana ta yau da Saliyo da Gambiya, sun gwabza da sojojin Japan cikin dazuzzukan Bama daga ƙarshen 1943 zuwa 1945, Hausawa kuma suna da yawa cikinsu. Wasu sun dawo, har sunan Bama ya zauna bakin jama'a, wasu suna can kwance cikin kwarin Kaladan. Su ma yaƙin ya ci su, babu kuma littafin karatu na Tokiyo da ya san da su.

Akwai uzuri guda da marubutan littattafan ke da shi, kuma ba na banza ba ne. Ɗalibin ƙaramar sakandare a Japan kalmomin Ingilishi kimanin 1,200 ake buƙatar ya sani kafin manhajar 2021, wadda ta ɗaga adadin zuwa tsakanin 1,600 da 1,800. Da irin wannan ɗan jari ba a iya bayanin siyasar Manchuriya ko takunkumin man fetur na 1941, amma ana iya ba da labarin yarinya mai waƙar reno. Kowane malamin harshe ya san wannan ƙunci. Sai dai uzurin bai kai inda ake so ya kai ba, domin kalmomin da suka isa ba da labarin yaron Hiroshima sun isa ba da na yaron Manila. Darasin 1988 ya tabbatar da cewa ana iya rubuta shi, har ya wuce tantancewa.

Kammalawa

Amsar tambayar da aka soma da ita ke nan: labaran yaƙi na littattafan Ingilishi na Japan ba su ci fuskar Ba'amurken da ke karanta su ba, cire su kuma zai zama zalunci na biyu ga mamatan. Aibinsu yana ga shafin da babu. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba: a bar Sadako inda take, a maido ma giwaye kwanan watansu na gaskiya da sunan wanda ya ba da umarni, a kuma buɗe ma yaron Nanjin ko na Negeri Sembilan shafi kusa da nasu.

Waɗanda abin ya shafa kai tsaye sun riga hukumomi nuna hanya. Sasaki Masahiro, yayan Sadako, ya gayyaci Clifton Truman Daniel, jikan shugaban da ya ba da umarnin jefa bam ɗin, zuwa Hiroshima cikin 2012, iyalin kuma suka ba da ɗaya daga cikin tsuntsayen takardar da ta naɗe da hannunta domin a ajiye a wurin tunawa na Pearl Harbor. Shugaba Obama ya ziyarci Hiroshima ranar 27 ga Mayu 2016, firaminista Abe Shinzo ya je Pearl Harbor cikin Disamba na wannan shekara, cikin 2024 kuma ƙungiyar waɗanda suka tsira daga bama-baman, Nihon Hidankyo, ta samu kyautar Nobel ta zaman lafiya. Tsakanin Japan da Amurka, kowane ɓangare ya tsaya bisa kabarin ɗan'uwansa.

Saura maƙwabta. Ɗalibin da ke koyon Ingilishi a Hiroshima, ranar da zai fita duniya, ba da Amurkawa kaɗai zai yi magana da shi ba. Zai zauna aji ɗaya ko ofis ɗaya da ɗan Filifin, da ɗan Singafo, da ɗan Maleshiya wanda kakarsa ta ba shi labarin watan Maris na 1942, kuma Ingilishi ne harshen da zai haɗa su. Littafinsa ya ba shi kalmomin da zai faɗi abin da aka yi ma kakanninsa, wannan kuwa haƙƙinsa ne. Darasin da zai shirya shi ya saurari abin da kakanninsa suka yi ma na wancan, shi ne aka cire cikin 1988.